Amsoshin Wasiƙunku: Za Mu Hau Keke Neman Taimako, Yaya Za Mu Dawo Lafiya?

Assalamu alaikum, masu karatu. Wasiƙun wannan wata sun taru a kan magana ɗaya, wato fitar jama'a a kan kekuna domin tara kuɗin taimako. Abin ya fara shiga ran matasanmu, kuma ina farin ciki da haka. Na taƙaita wasiƙun, na cire sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Malam, ni ne sakataren ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarmu a nan Kano. Mun yanke shawarar hawa keke daga Kano zuwa Wudil a watan Afrilu domin tara kuɗin magani ga yara masu cutar sikila. Mutum kusan 60 sun ba da suna, daga mai shekara 16 har mai 55. Wasu kullum suna kan keke, wasu kuwa rabonsu da shi tun suna firamare. Mun buga riguna, mun samu mai ara mana lasifika. Me ya rage? (Sakatare, Kano)

AMSA: Ƙanena, Allah ya saka muku da alheri, ya sa a mizani. Abin da ya rage yana da yawa, kuma ya fi riguna da lasifika nauyi, saboda haka ka yi haƙuri, zan tsawaita.

Ɗauko takardar sunayen nan ka nemo wanda ya fi kowa rauni. Wataƙila dattijon nan ne da ya ari keken ɗansa, wataƙila yaron nan ne mai shekara 16 da yake ganin babu abin da zai gagare shi. Duk shawarar da za ku yanke, ta rana, ta hanya, ta nisa, ta gudu, da wannan mutumin za ku auna ta. Gwanaye za su kai kansu ko ba ku yi musu komai ba.

Idan ka auna da shi, za ka ga Afrilu bai dace ba. Zafin Afrilu a Kano yakan kai maki 40 a ma'aunin Salshiyas, wani lokaci ya haura, kuma a inuwa ake auna wannan, ba a kan kwalta ba. Kano zuwa Wudil kilomita 40 ne da ɗoriya. Jama'a gauraye irin taku ba za ta wuce kilomita 12 zuwa 15 a awa ɗaya ba, ga tsayawa shan ruwa, ga tayar da za ta yi faci. Ka lissafa awa huɗu. In kun tashi 6:30 na safe, kun sauka 10:30. Amma na san tarukanmu: sai an jira babban baƙo, an yi jawabi, an ɗauki hoto, tashi ya kai ƙarfe tara, rana ta take kuna tsakiyar hanya. Ku mai da tafiyar Nuwamba. Damina ta ɗauke, zafi ya sauka, hazo bai kankama ba. Disamba da Janairu akwai sanyi mai daɗin tuƙi, amma ranar da hazo ya sauko, direba ba ya hango ku sai ya zo daf da ku. In kuna son ranar da ta dace da manufarku, 19 ga Yuni ita ce ranar sikila ta duniya, 3 ga Yuni kuma ranar keke ta duniya wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana a 2018, sai dai lokacin an shiga damina, dole ku tanadi wata ranar idan hadari ya taso. In kuwa jama'arka sun kafe sai Afrilu, to ku rage nisan zuwa kilomita 15, ku gama kafin tara. Jawabai kuma a ajiye su sai an sauka.

Sai hanya. Hanyar Wudil ita ce hanyar Maiduguri, hanyar tireloli da tankokin mai da tipa. Ku kauce wa Juma'a, ranar da kasuwar Wudil take ci, motocin shanu da na kaya sun cika titi. Ku kauce wa Asabar ɗin ƙarshen wata saboda tsaftar muhalli. Kafin ranar, kai da mutum biyu ku bi hanyar a kan keke ko babur, a daidai lokacin da za ku bi ta, da biro da takarda. Wanda ke cikin mota ba ya ganin abin da ke kayar da mai keke. Ku rubuta inda rami yake, inda yashi ya hau kwalta, inda gefen titi ya ƙare, inda 'yan a-daidaita-sahu suke tsayawa ɗaukar fasinja, yadda cunkoson Hotoro da na kasuwar goro ta Mariri yake da safe, da yadda za ku haye gadar Wudil. Ku zaɓi wuraren hutu masu inuwa, nesa da kwalta, bayan kowane kilomita 10 ko 12.

Ku rubuta wasiƙa ga Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, da KAROTA (hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Jihar Kano), da ofisoshin 'yan sandan yankunan da za ku ratsa, aƙalla mako uku kafin ranar. Ku faɗi rana, lokaci, hanya da yawan mutane, ku kuma faɗi abin da kuke roƙo a fili: jami'ai a mahaɗa kaza da kaza, da mota mai rakiya in da hali. Ku kai gaisuwa wajen hakimi. Ku ba ku da ikon tare hanya da kanku, ko da kun sa riga mai ƙyalli.

Yanzu tsarin tafiya. Fatakenmu na da, da suke zuwa Gwanja sayen goro, ba sa fita a tarwatse. Akwai madugu da maganarsa take yanke hukunci, akwai jagaba da ya san hanya, akwai zangon da aka sani tun kafin a tashi. Haka za ku yi. Ku naɗa madugu ɗaya, mutum mai natsuwa wanda zai iya cewa a tsaya kowa ya tsaya. Sannan ku raba sittin ɗin nan rukuni biyar, goma sha biyu-biyu, a bar minti uku zuwa biyar tsakanin rukuni da rukuni. Dalili kuwa lissafi ne: keke da tazarar da ke gabansa suna cin kusan mita 4, kekuna 60 a jere sun kai mita 240. Direban tirela ba zai iya wuce wannan a numfashi ɗaya ba. Zai fara wucewa, mota ta ɓullo masa, ya dawo kan na tsakiyarku. Mutum goma sha biyu kuwa zai wuce su ya koma hannunsa. Kowane rukuni da jagabansa a gaba, wanda ba a wuce shi, da mai tsaron baya, wanda ba ya barin kowa a bayansa. Mai tsaron baya ya zama ƙaƙƙarfa mai haƙuri, ya riƙe famfo da kayan faci. A can ƙarshe mota ta biyo a hankali da fitilunta huɗu suna ƙiftawa, ɗauke da ruwa, akwatin agaji, ma'aikacin lafiya da mai gyaran keke, da wurin zaman wanda ya gaji da kekensa.

A kan titi ku yi jerin gwano a hannun dama, tare da motoci, kada a bi hannun da mota take zuwa da sunan wai a riƙa ganin ta. Tsakaninka da na gabanka a bar aƙalla tsawon keke ɗaya, ga sababbi ma biyu. Mai tafiyar kilomita 20 a awa yana cin mita 5 da rabi a daƙiƙa ɗaya, kafin hannunsa ya kai birki ya riga ya isa inda na gabansa ya tsaya. Abin da na fi gani yana kayar da mutane a ayari ba mota ba ne, ƙafar gaba ce ta gogi ƙafar bayan wani. Na taɓa ganin wani saurayi ya matso yana hira, ƙafar kekensa ta shiga gefen ta abokinsa, abokin ya ɗan kauce wa rami, nan take mutum huɗu suka zube a kan juna. Wanda aka goga bai ma faɗi ba, na bayan ne suka sha ƙasa.

Na baya ba ya ganin titi, bayan na gabansa kawai yake gani, don haka baki da hannu su ne idonsa. Na gaba ya ga rami ya ce "Rami!" ya nuna da hannu, na bayansa ya maimaita har ta kai ƙarshe. Na baya ya ji mota ya ce "Mota!" ta tafi gaba. "Yashi!", "Sannu!", "Tsaya!" Kalmomi kaɗan, kowa ya haddace su. Hannun hagu a miƙe, za a yi hagu. Na dama a miƙe, za a yi dama. Hannu ƙasa tafi yana kallon baya, ana rage gudu. Nan ne lasifikarka take zama matsala, domin in tana ruri babu mai jin kowa. A kunna ta wajen tashi da wajen sauka. Babu abin sauraro a kunne, babu ɗaukar hoto da waya a kan keke. A ba mutum ɗaya a cikin mota aikin hoto.

Game da manyan motoci, ka karanta wa jama'arka wannan da babbar murya. Direba a hagu yake zaune, gefen damansa akwai wurin da madubi ba ya nuna masa. Idan tirela za ta yi kwana dama, kanta yakan fara buɗewa hagu, sai ƙafafun baya su yanko ciki su share duk abin da ke lungun. Kada kowa ya kutsa tsakanin tirela da gefen titi, ko tana tsaye. In ba ka ga fuskar direba a madubinsa ba, shi ma bai gan ka ba. Haka motar da ta faka, a ba ta mita ɗaya saboda ƙofa.

Kuɗi kuma kada a karɓa a kan keke. Mutanen kirki za su miƙo daga gefen hanya, yara za su rugo. Akwatin taimako ya zauna a zango ko a hannun wanda ke ƙasa. 'Yan babur da za su shigo rakiya suna wasa da mashin, a roƙe su da girma su koma bayan motar rakiya. Kuma ku tanadi motar da za ta dawo da mutane da kekuna daga Wudil. Sau da yawa ana shirya zuwa a manta da dawowa, sai gajiyayyu su kamo hanya ɗai-ɗai da tsakar rana, babu jagaba babu rakiya.

Abu na ƙarshe shi ne mai wuya. Mako biyu kafin ranar ku yi gwajin kilomita 10 a hanya marar cunkoso. Duk wanda bai iya sakin hannu ɗaya ya ba da alama ba, ko bai iya waiwayawa ba tare da keken ya karkace ba, ko numfashinsa ya sarƙe, a ba shi wani aikin: rabon ruwa, riƙon akwati, tarbar baƙi. Mai hawan jini, ciwon zuciya ko ciwon sukari ya ga likitansa tukuna. Za a ji haushinka, musamman in babba ne. Ka ɗauki haushin, ka faɗa masa cikin ladabi.

TAMBAYA: Baba, an ce dole sai da hular kwano. Ni kuwa in na sa abokaina dariya suke yi, ga zafi. Na ga na gwanjo a kasuwa masu araha. Zan iya ɗora ta a kan hulata? (Wani ɗalibi, Zariya)

AMSA: Ɗana, ka sa. Dariyar ta kwana biyu ce, in sun ga kowa a ayari da tasa za su daina. Masu binciken da suka tattara sakamakon nazarce-nazarce da dama a kan haɗurran keke sun samu cewa hular tana rage raunin kai da kimanin rabi, munanan raunuka kuma da kusan kashi biyu cikin uku. Ba ta hana mota buge mutum, amma yawancin faɗuwar ayari faɗuwa ce daga sirdi zuwa kwalta, kuma ita aka yi hular dominta.

Kada ka ɗora ta a kan hula, ko zanna ce ko taɓa-ni-ka-ji-hadisi, domin ba za ta zauna ba, tana iya zamewa daidai lokacin da ake buƙatarta. Sa hularka a jaka, in ka sauka ka mayar. Ga yadda ake ɗaura ta: ta zauna daidai, ba ta koma ƙeya ba, tsakanin gira da bakinta faɗin yatsa biyu. Igiyoyin gefe su haɗu a ƙarƙashin kunne. Ta haɓa a ɗaure yadda yatsa ɗaya ko biyu ne kawai zai shiga. Ka girgiza kai, in ta yi rawa ka ƙara matsewa. Hular da ba a ɗaure ba takan riga mai ita isa ƙasa.

Ta gwanjo sai ka bincika. Aikin hular yana cikin farin abin nan mai kama da soso mai tauri da ke ciki, shi ne yake murƙushewa ya shanye bugu a madadin kanka, kuma sau ɗaya yake yin wannan aikin. Juya ta ka duba a haske. In ka ga tsaga, lotsawa ko inda aka liƙe da gam, ajiye ta. Duba ciki ko akwai tambarin EN 1078 na Turai ko CPSC na Amurka. Hular leburorin gini ba ta wannan aikin ba ce, an yi ta ne don abin da zai faɗo daga sama. Ta babur kuwa tana karewa, amma nauyinta da zafinta za su gallabe ka a doguwar tafiya. Ta keke tana da ramukan shan iska, ba ta kai zafin da kake tsammani ba.

TAMBAYA: Malam, 'yata mai shekara 15 tana da sikila. Ta ji za a yi tafiyar keke don masu irin ciwonta, ta dage sai ta shiga, har da kuka. Ƙanenta mai shekara 10 ma yana so. Mahaifinsu ya bar mini maganar. Hankalina ya rabu biyu. (Wata uwa, Kaduna)

AMSA: Hajiya, wasiƙarki ta taɓa ni. Allah ya ba yarinyar nan lafiya, ya ba ki ladan jinya. Kukanta abin fahimta ne. Yarinyar da ta taso ana ce mata kar ki yi gudu, kar ki shiga ruwa, kar ki fita sanyi, yau ga taron da aka shirya dominta, a ce nan ma ta zauna ta yi kallo. Kada ki rufe ƙofar gaba ɗaya.

Amma ga gaskiyar jikinta. Abubuwan da suke tayar da ciwon sikila sun haɗa da ƙarancin ruwa a jiki, gajiya mai tsanani, zafi mai yawa da sanyi mai yawa. Doguwar tafiyar keke a rana tana tara uku daga cikinsu wuri ɗaya. Saboda haka kilomita 30 ko 40 a kan babbar hanya, a'a, ban goyi baya ba. Motsa jiki matsakaici kuwa, da izinin likita, yawancin masu sikila suna iya yi, har yana amfanarsu. Ki je da ita wajen likitan da yake duba ta, ita da kanta ta faɗa masa abin da take so, ya ga yawan jininta da yadda ciwon yake tasar mata a 'yan watannin nan. In ya yarda, ki nemi masu shirya taron su ware gajeren zagaye, kilomita ɗaya ko biyu, da sanyin safiya, a filin makaranta ko titin da jami'ai suka rufe, ita da 'yan uwanta masu irin ciwon su jagoranci shigowar ayari wurin sauka. Ta sha ruwa sosai tun daren ranar, ta riƙe gora, ta tafi da gudun da za ta iya magana ba tare da haki ba. In ta ji ciwon ƙashi, ciwon ƙirji, jiri ko numfashi ya yi mata wuya, ta sauka nan take, ba a jira a ƙarasa. Ciwon ƙirji da wahalar numfashi ga mai sikila maganar asibiti ce ta gaggawa. Ranar da ta tashi da zazzaɓi kuwa, babu hawa sam. Ku yi wannan yarjejeniyar da ita tun a gida, domin a gaban jama'a yarinya takan ɓoye ciwo don kar a ce ta kasa.

Masu shirya irin wannan taro, ku ji wannan. Nijeriya ce ƙasar da ta fi kowace yawan masu sikila a duniya, ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da AS, wato ya gaji ƙwayar sikila daga ɗaya cikin iyayensa kawai. Ke nan a cikin mahayanku akwai masu AS da yawa. Yawanci lafiyarsu ƙalau, amma su ma wahala mai tsanani a cikin zafi ba tare da ruwa ba tana iya yi musu illa. Kowa ya je ya san nau'in jininsa, AA ne, AS ne ko SS, kafin ya fito.

Shi kuwa ƙanenta, ɗan shekara 10 bai kai ya auna gudun motar da ke tahowa ba, ko da ya iya keke kamar me. A ra'ayina yaro ƙasa da shekara 14 ba shi da wuri a babbar hanya cikin ayari. Ya bi yayarsa a gajeren zagayen, ya zama mai riƙe mata ruwa.

TAMBAYA: Kekena Phoenix ne tsoho, na gada wajen mahaifina. Zai kai ni, ko sai na nemi irin mai giya? Kuma da kaftani nake hawa. (Wani manomi, Haɗeja)

AMSA: Malam, zai kai ka. Kekunan nan da Raleigh sun ɗauki buhunan hatsi zuwa kasuwannin ƙauye shekara da shekaru, kuma ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, giya ba dole ba ce. Kai da ka saba da naka ka fi wanda ya ari sabo jiya aminci. Kai shi wajen mai gyara mako ɗaya kafin ranar, kada ka bari sai ana gobe. A duba birki biyun: ka matse na gaba ka tura keken, ƙafar baya ta ɗaga, ka matse na baya, taya ta ja ƙasa. Robar birki in ta cinye a sauya, a tabbatar ƙarfe take kamawa, ba taya ba. Birkin sanda a kan rim ɗin ƙarfe yana rage kamu sosai in ya jiƙe, don haka in an yi yayyafi ka ninka tazara, ka fara matsewa da wuri. A duba tayar ko ta tsattsage a gefe, tiyub mai faci da yawa a sauya shi. A ɗaure kan keke da sirdi da feda, a ja sarƙa in ta saki, a ɗiga mata mai. Ƙararrawa ta yi aiki, a baya a sa abin ƙyalli ja. Sirdi ya kai tsayin da in feda tana ƙasa gwiwarka ta kusa miƙewa, in ba haka ba gwiwa za ta dame ka tun a rabin hanya. Kariya kuma a bar ta fayau, babu goyo.

Kaftani in gajere ne babu laifi, ka naɗe ƙafar wando ta dama ko ka cusa ta cikin safa. Babbar riga da jallabiya a bar su a gida. 'Yan uwa mata masu tambayar hijabi: a sa wanda bai wuce ƙugu ba, a kama gefensa da fil, da wando a ƙarƙashin doguwar riga wadda ba ta kai wayoyin ƙafa ba, hular kwano kuma tana zama daidai a kan siririn ɗankwali ko hijabi marar kauri. Mayafi mai jela yana iya naɗewa a ƙafar baya ya shaƙe wuya. Takalmi a sa rufaffe, silifa tana zamewa daga feda in gumi ya sauko. Launi kuma mai haske, wanda direba zai hango daga nesa.

TAMBAYA: Wani abokinmu ya ce zai kawo mana ƙwayar ƙarin ƙarfi don kar mu gaji. Akwai matsala? (Wani matashi, Gusau)

AMSA: Akwai, ɗana, babba. In tiramadol yake nufi ko danginsa, yana sa jiri da gyangyaɗi, yana rage saurin hankali, yana iya jawo farfaɗiya, kuma yana ɓoye maka gajiyar da jikinka yake faɗa maka. Mutum ɗaya da ya sha ya isa ya kayar da rukuni guda. Madugu ya sauke duk wanda aka gani da ita. Lemon gwangwanin nan na ƙarin kuzari ma ba na son sa a rana, yana sa bugun zuciya. Ka karya da koko da ƙosai ko fura awa ɗaya da rabi kafin tashi, ka zuba dabino a aljihu, a zango ka ci ayaba ko lemo. Ruwa ka riƙa kurɓa tun kafin ƙishi, kamar leda ɗaya duk minti 30 zuwa 45 in ana zafi. Gumi yana fita da gishiri, saboda haka a tanadi ruwan gishiri da sukari a zango: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mai azumin nafila ya zaɓi wata ranar.

TAMBAYA: Ni aka ba riƙon akwatin agaji, amma ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce. In wani ya faɗi, me zan fara yi? (Wata malamar makaranta, Katsina)

AMSA: Malama, da farko ki roƙi shugabanninku su nemo nas ko wanda ya samu horon agajin gaggawa, irin 'yan Red Cross ko 'yan agajin ƙungiyoyin addini, ya zauna tare da ke. Kafin nan ga abin da za ki riƙe.

In an faɗi, abu na farko a tsare wurin. Mutum biyu su koma baya da nisa su rage wa motoci gudu, sauran mahaya su fita daga kwalta gaba ɗaya, kada su yi cincirindo a kan titi suna salati. Sannan ki durƙusa ki kira sunansa. Al'adarmu ta tausayi ita ce a ruga a ciccibi mutum a tsayar da shi, kuma wannan yana iya gurgunta wanda ya bugu a wuya ko gadon baya. In ya bugi kai, ko yana kukan wuya, ko ya ce hannu ko ƙafa sun mutu, a bar shi yadda yake, wani ya riƙe kansa da hannu biyu kar ya motsa, sai fa in barinsa a wurin ya fi haɗari. A kira 122, lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra, ko 112. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa, yana iya shaƙewa.

Jini ana tsayar da shi da dannawa: sa safar hannu, ɗora ƙyalle mai tsabta, danna da ƙarfi, kada ki riƙa ɗagawa kina leƙe. In ya jiƙe ƙara wani a kai. Ƙujewar kwalta a wanke ta da ruwa mai tsabta da yawa har tsakuwa ta fita, a rufe da bandeji. Kada ki bari a zuba man birki, baƙin mai, fetur, toka ko ƙasa, duk da za a samu mai ba da shawarar haka a gefen hanya. A tambaye shi rabonsa da allurar tetanus. Karaya ta fi samun wuyan hannu da ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa. A tallafe hannun da ɗankwali, kada a ja, a kai shi asibiti a ɗauki hoto kafin a yi maganar mai ɗori.

Wanda ya bugi kai, ko ya miƙe ya ce lafiyarsa lau, ya gama hawa na ranar. A gaya wa iyalinsa su lura da shi kwana biyu: amai, ciwon kai mai ƙaruwa, yawan barci ko rikicewar magana, a garzaya asibiti. Haka wanda rana ta buga. In kin ga mutum yana tangaɗi, yana magana ba kan gado ko ya fusata ba dalili, jikinsa ya yi zafi rau, a kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a kwarara masa ruwa a jiki ana fifita, a sa jiƙaƙƙen ƙyalle a wuya da hammata, a ci gaba da haka a cikin mota har asibiti.

Tun kafin ranar ki rubuta sunan asibiti mafi kusa da kowane zango, direban motar rakiya ya san hanyarsa. Kowane mahayi ya sa 'yar takarda a aljihun gaba mai ɗauke da sunansa, lambar wani nasa, rukunin jininsa da ciwon da yake da shi, ke ma ki riƙe kwafi a cikin akwatin.